Lasisin Masu Sana'a: Wa Za a Fara Kamawa a Mashi?

Duk sa'ad da wani bene ya rufta a ƙasar nan, ko wata kasuwa ta kama da wuta da tsakar dare aka ɗora laifin a kan wayar lantarki, kafin ƙura ta lafa za ka ji 'yan boko sun haɗa baki a kan magani guda: a yi doka, a hana duk wanda ba shi da lasisi taɓa bulo ko waya. Maganar tana da daɗin ji, kuma tana sa mai faɗinta ya ji shi ma ya yi wani abu. A da ba ta wuce hirar falo da shafukan jaridu ba. Yanzu ta shiga ofisoshin Abuja. A 2024 Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, ya fito da wani shiri mai suna SUPA, wanda aka ce zai horar da masu sana'ar hannu, ya ba su takardar shaida, sannan ya ba su lasisi, da nufin raba ƙasa da masu sojan gona. Horarwa da ba da shaida ba ni da ja a kansu, addu'ata ma Allah ya sa a yi da gaske. Na ukun ne nake son mu tsaya a kansa, domin ina ganin idan aka bi shi yadda masu goyon bayansa suke so, za a cuci mutanen da ake cewa za a taimaka, kuma benen da zai rufta ba zai fasa ruftawa ba.

Ba a Abuja ya kamata a gwada irin wannan shawara ba. A kawo ta Mashi. Gari ne a kan hanyar Katsina zuwa Daura, ƙaramar hukumarsa ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar, yana da babbar kasuwa, kuma yana da abin da yawancin garuruwan jihar ba su da shi: Kwalejin Fasaha ta Gwamnati, ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan da Jihar Katsina ke da su. Idan akwai inda tsarin takarda ya kamata a ce ya kafu a shiyyar Daura, to nan ne. Amma ka tsaya a bakin titi ka dubi waɗanda suke riƙe da garin. Mai waldar da ya haɗa ƙofar gidanka, bakaniken da ya sauke injin babur ya mayar, birkilan da ya ɗora katangar masallacin unguwa, telan da ya kwana a kan keke daren sallah, yaron da ya buɗe wayarka ya canja mata gilashi, matar da ke saƙa da ɗinki a cikin ɗaki ba ta taɓa kafa allo a ƙofar gida ba: mafi yawansu a gaban wani ubangida suka koya, suna tsugune suna kallo, suna miƙo sufana, har ranar da aka ce su gwada. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna a bincikenta na 'yan shekarun nan cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya suna wajen tsarin aikin da hukuma ta yi wa rajista. A gari irin Mashi ba a buƙatar ƙididdiga kafin a gane haka.

Akwai abubuwa biyu da ake cakuɗawa, wani lokaci cikin rashin sani, wani lokaci da gangan. Takardar shaida tana cewa ne: an jarraba wane, an ga ya iya abu kaza. Mai neman a yi masa aiki yana iya dubawa, yana iya ƙin dubawa. Wanda ba shi da ita bai yi laifi ba, sai dai ya rasa wata fa'ida. Lasisi kuwa cewa yake yi: wanda ba shi da wannan takarda, idan ya yi aikin, ya karya doka. Shaida tana ƙara wa mai sana'a wani abu a hannunsa. Lasisi yana ƙwace masa abin da yake da shi tun farko, wato 'yancin neman abinci da hannunsa, sannan a sayar masa da shi a kan kuɗin fom, da kuɗin jarrabawa, da kuɗin sabuntawa duk shekara. Wanda ya ce waɗannan abu ɗaya ne, ko dai bai taɓa zuwa sabunta wata takarda a ofishin gwamnati ba, ko kuwa shi ne ke zaune a bayan teburin.

Kuma kada wani ya ce mana matsalarmu ƙarancin doka ce. Dokar Ƙwadago ta 1974, a sashe na 49 zuwa na 53, ta tsara koyon sana'a daki-daki: uba ko waliyyin yaron da ya haura shekara 12 bai kai 16 ba yana iya ba da shi koyo da amincewar yaron, wa'adin kada ya wuce shekara 5, yarjejeniyar ta zama a rubuce, kuma jami'in ƙwadago ya duba ta ya sa hannu. Shekara hamsin ke nan da wannan doka. Ka zaga garejojin Mashi da na Mani da na Daura ka nemi a nuna maka irin wannan yarjejeniya, za a ɗauka ba'a kake yi. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana da jarrabawar gwajin sana'a mai hawa uku tun da daɗewa. An kafa ITF a 1971, an kafa Hukumar Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, a Kaduna a 1977, ga NABTEB da ke shirya jarrabawar kwalejojin fasaha daga Benin, ga majalisar injiniyoyi ta COREN da ke yi wa har masu aikin hannu rajista, ga majalisar magina ta CORBON, ga hukumar NEMSA da aka kafa a 2015 wadda ke tantance masu haɗa wayar lantarki. An fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa a 2006. Tsakanin waɗannan hukumomi duka, babu sana'ar gini ko ta wuta da ba ta da mai ita a takarda. Abin da babu shi ne jami'in da zai zo Mashi ya hau tsani ya duba dekin kafin a zuba kankare. Gwamnatin da ta kasa aiwatar da sashe biyar na doka ɗaya a cikin rabin ƙarni, ita ce ake so ta ɗauki nauyin tantance kowane mai guduma a ƙananan hukumomi 774.

To me zai faru idan aka yi dokar? Mun san amsar, domin mun ga irinta a kan hanya. Dokar da ba za a iya aiwatar da ita a kan kowa ba, a kan marar gata ake aiwatar da ita. Za a kafa kwamitin ko-ta-kwana, a ba su riguna masu ƙyalli da mota ɗaya, a ɗora musu adadin kuɗin da za su riƙa kawowa. Ranar kasuwa za su dira. Ba za su tambayi mai walda ko ɗinkin ƙarfensa zai riƙe ba, domin su ma ba su sani ba. Za su tambaye shi takarda, ba shi da ita, za su ɗauke masa janareta, da yamma a sasanta. Sati mai zuwa a sake. Ingancin aikinsa bai ƙaru da ƙwayar zarra ba, amma kuɗin ƙofar da zai yi maka ya ƙaru, domin na goro daga aljihunka zai fito. Shi kuwa wanda ya fi kowa ɓarna, mai kuɗi da hanya, tun ranar farko zai sayi takardarsa, ya sa a firam, ya rataye. Mun riga mun san yadda ake samun lasisin tuƙi a wurare da yawa ba tare da an riƙe sitiyari a gaban kowa ba. Wane dalili ne zai sa lasisin birkila ya fita daban?

Hujjar da masu son lasisi suka fi ƙarfi a kanta ita ce rai. Hujja ce ta gaskiya, kuma ban raina ta ba. A watan Yulin 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos ana cikin darasi, mutum 22 suka rasu, yawancinsu yara. Amma a dubi babbar ruftawar da aka fi tunawa da ita a 'yan shekarun nan. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa ya zube a Ikoyi ta Legas, fiye da mutum 40 suka mutu, har da mai ginin. Ba a ƙauye aka yi shi ba, kuma ba a ɓoye aka yi shi ba. A unguwar da ta fi kowace tsada a Nijeriya aka yi shi, a idon hukumomin da aikinsu ke nan. Kamfanin injiniyoyin da ya fara kula da aikin ya rubuta wasiƙa tun a 2020 ya janye hannunsa, yana cewa ba zai iya tsaya wa ingancin ginin ba. Aka ci gaba. Leburan da ke ɗaukar kwanon kankare da birkilan da ke jera bulo ba su ne suka yanke shawarar yawan rodi ko ƙarfin siminti ba. Su ne dai aka tono daga ƙarƙashin ɓaraguzai. Haka abin yake har a ƙaramin gini na garuruwanmu. Mai gida ne yake cewa a buga bulo da yawa daga buhu ɗaya fiye da abin da buhun zai ɗauka. Ɗan kwangila ne yake sayo siririn rodi ya rubuta kauri a takarda. Birkila ya sani sarai, sau da yawa ma yakan faɗa, sai a ce masa idan ba zai yi ba akwai wani. Dokar da ta tsallake mai kuɗin da mai sa hannun ta je ta cafke mai cebur, ta bar jaki tana dukan taiki.

Waɗanda suka riga mu bin wannan hanya ma suna ƙoƙarin juyowa. A Amurka, a farkon shekarun 1950 ƙasa da kashi 5 cikin 100 na ma'aikata ne suke buƙatar lasisin jiha kafin su yi aiki. Wani rahoto da fadar shugaban ƙasar ta fitar a 2015, zamanin Obama, ya nuna adadin ya kai kusan kashi 25, kuma ya yi nuni da cewa a sana'o'i da yawa farashi ya tashi ba tare da an ga ingancin aiki ya ƙaru ba, ga kuma wahalar da mai sana'a ke sha idan ya ƙaura daga wata jiha zuwa wata. Abin ya kai ga wata mai kitso 'yar asalin Saliyo a jihar Utah sai da ta kai ƙara kotun tarayya, domin an ce ba za ta yi kitso a biya ta ba sai ta yi awa 2,000 a makarantar kwalliya inda ba a ma koyar da irin kitsonta. Ta yi nasara a 2012. Ina kawo wannan ne saboda mu tuna da mata. Mai kitso, da mai lalle, da mai ɗinkin hula, da mai saƙar kayan jarirai a gidajen Mashi, da kuɗin nan suke sayen sabulu da littafin yara, wasu ma da shi suke ciyar da gida. Duk dokar da aka rubuta da kalmar "masu sana'a" a dunƙule ta haɗa da su, kuma su ne na ƙarshe da za su iya zuwa Katsina su bi layin fom.

Sai Jamus, wadda kowa ke ambato idan ana wannan muhawara. Gaskiya ne cewa dokarsu ta 1953 ta hana mutum buɗe shago a sana'o'i da yawa sai ya ci jarrabawar zama gwani. Gaskiya ne kuma cewa da suka sassauta a 2004, suka cire sharaɗin daga sana'a 53 suka bar 41, shagunan masu ɗora tayil sun ninka sau da yawa amma ɗaukar yaran koyo bai bi sahu ba, har ta kai a 2020 suka mayar da sharaɗin a kan sana'a 12. Mai son lasisi yana da abin kamawa a nan, kuma na ba shi. Sai dai ya karanta labarin har ƙarshe. Yaron koyo a Jamus yana da yarjejeniya a rubuce, ana biyansa albashi kowane wata, yana kwana kaza a shago kwana kaza a makarantar da gwamnati ke ɗaukar nauyinta, koyon yana ƙarewa a cikin shekara uku zuwa uku da rabi, kuma majalisun masu sana'ar ne da kansu suke shirya jarrabawar. Sun gina hanya tukuna, sannan suka sa ƙofa a ƙarshenta. Mu kuma ana so mu kafa ƙofar a tsakiyar fili, mu sa mai gadi, hanyar kuwa sai Allah ya kawo kasafin kuɗi.

Abin da ya fi ba ni haushi a muhawarar nan shi ne yadda ake magana kamar ƙasar Hausa ba ta taɓa sanin tsarin sana'a ba sai da aka kawo fom. A masarautun Katsina da Daura da Kano da Zazzau, kowace babbar sana'a tana da shugabanta: Sarkin Maƙera, Sarkin Magina, Sarkin Fawa, Sarkin Aska, da sauransu. Su ne suke tara masu sana'ar idan fada tana da aiki, su suke raba gardama tsakanin mai sana'a da wanda ya ba shi aiki, ta hannunsu ake karɓar haraji, kuma baƙon da ya zo gari da sana'arsa wurinsu yake fara kai gaisuwa. Muhammadu Durugu, wanda aka yi wa laƙabi da Babban Gwani, ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ƙasa da azara. Bakan gizon da ya ɗaura a cikinsa har yau masana gine-gine daga ƙasashen duniya suna zuwa kallo. Wanda ya tantance shi gwani ba wata hukuma ba ce. Aikinsa ne, da shaidar magina 'yan'uwansa, da sunan gidan da ya fito. Wannan ma'auni bai mutu ba. Har gobe idan mutumin Mashi zai ba da aikin rufi, tambayarsa ta farko ita ce: yaron wa ne? A wurin wa ya koya? Suna jari ne, kuma ubangidan da yaronsa ya yi aikin banza shi ma ya ji kunya a kasuwa.

Amma kada a ɗauka ina cewa a bar komai yadda yake. Tsarin koyon da muke da shi yana da ciwo, kuma waɗanda suke yi masa kirari daga ofis mai sanyi ba 'ya'yansu ne a ciki ba. Uba yakan kai yaro gareji da goro da 'yar addu'a, ba a faɗi ranar gamawa ba. Yaro ya shekara biyu yana wanke kayan aiki, yana sayo abinci, yana kai 'ya'yan oga makaranta, kafin a bari ya kwance noti. Wani ubangidan yana ɓoye sirrin aikin, ya aiki yaro sayen abu daidai lokacin da zai yi gyaran da ya fi wuya, don kada a yaye shi ya buɗe shago a gefensa. Akwai duka. Akwai yaron da idonsa ya lalace a walda saboda babu tabarau, da wanda ya shekara bakwai aka sallame shi hannu rabbana, babu ko akwatin sufana. Sannan akwai iyakar abin da ido zai iya koya. Kafinta yana iya ƙwarewa da kallo. Amma mai haɗa sola da bai san lissafin nauyin da waya za ta ɗauka ba, ko yadda ake daidaita batir da faranti, zai iya yin aiki mai kyan gani wanda zai cinye gida bayan wata shida. Motocin yanzu kwamfuta ce ke sarrafa su, kunnen bakanike kaɗai bai isa ba. Ubangida ba zai koyar da abin da shi ma bai sani ba. Kuma ƙwarewar da sunan gida ke tsaya mata tana ƙarewa ne a inda aka daina sanin gidan. Gwanin walda na Mashi idan ya je neman aiki a babban kamfani a Legas, ko ya tsallaka Saudiyya ko Aljeriya, ba wanda ya san ubangidansa. Lebura za a ɗauke shi. Shugaban NBTE, Farfesa Idris Bugaje, wanda ɗan jihar nan ne, ya sha kokawa a bainar jama'a kan yadda manyan ayyuka irin matatar Dangote suka shigo da dubban ƙwararru daga waje alhali matasanmu na zaune. Ko a gidajen Abuja da Kano, masu gini da yawa sun fi son mai tayil daga Togo ko Benin.

Duk waɗannan matsaloli na gaske ne, kuma ka lura babu ko ɗaya da kama mutum zai warware. Abin da zai warware su yana nan a rubuce tun tuni, ba a dai ba shi kuɗi da muhimmanci ba ne. A 2013 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da tsarin matakan ƙwarewa na ƙasa wanda NBTE ke kula da shi, kuma a cikinsa akwai hanyar amincewa da abin da mutum ya riga ya iya: a zo a same ka a wurin aikinka, a ga kana yi, a auna da ma'aunin da aka yarda da shi, a ba ka shaida, ko da ba ka taɓa zama a aji ba. An gwada wannan da masu sana'ar kasuwar Panteka a Kaduna tare da haɗin gwiwar kwalejin kimiyya da fasaha ta garin. Wannan ita ce hanyar, kuma Mashi ta fi yawancin garuruwa dacewa da ita, tun da ga kwaleji a bakin ƙofa. Me zai hana ɗakunan aikinta su zama wurin jarrabawa ga masu sana'ar gari da na ƙauyuka a ranakun da ɗalibai ba sa ciki? Me zai hana yaran gareji su riƙa zuwa yini ɗaya a mako su koyi awo, da lissafin wuta, da karanta zane, da kare kai daga haɗari? Ga kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Daura, ga ta Hassan Usman a Katsina, ga ƙauyen koyon sana'a na matasa da jiha ta kafa. Ba gini muke nema ba.

Sharuɗɗa biyu ne nake ganin idan aka sake su, shirin ya mutu. Jarrabawar ta zama ta hannu, kuma bayaninta da Hausa. Mutumin da ya shekara ashirin yana sauke giya, idan aka ajiye masa takardar tambayoyi da Turanci aka ce ya zaɓi ɗaya daga amsoshi huɗu, Turancinsa aka jarraba, kuma zai faɗi a gaban yaron da bai taɓa ƙona yatsa a injin ba. Na biyu, manyan masu sana'ar garin su zauna a cikin masu jarrabawa, a horar da su, a biya su. Su ne suka san wanda ya iya da wanda ke cika baki. Sai dai a haɗa su da malamin kwaleji da wani daga wajen garin, domin idan aka bar ƙungiya ita kaɗai da ikon cewa wane ya shiga wane kada ya shiga, ba za a daɗe ba ta mayar da shi hanyar toshe sababbin shiga. Wannan hali ba na Bahaushe kaɗai ba ne. Ingila ta kafa dokar koyon shekara bakwai a 1563, Adam Smith ya caccake ta a 1776 a kan cewa tana kare tsofaffin masu sana'a ne daga gasa, kuma sai a 1814 aka soke sharaɗin.

Shi kuma yaron koyo, kariyarsa ba ta buƙatar jami'in ƙwadago ya taso daga Katsina. Takarda ɗaya da Hausa ta isa, a boko ko a ajami, a gaban mai unguwa da shugaban masu sana'ar: ranar farawa, ranar yaye, abin da za a koya masa, abin da za a ba shi na abinci, da abin da za a sallame shi da shi. Kwafi ɗaya wurin uba, ɗaya wurin ubangida, ɗaya a fadar hakimi. Mutanen da suke rubuta cinikin gona da na saniya a gaban shaidu ba za su kasa rubuta makomar ɗansu ba. Ubangidan da ya yaye yaro har ya ci jarrabawa kuwa, a saka masa da wani abu da zai ji a jikinsa, kayan aiki ko rance marar ruwa. ITF yana karɓar kashi 1 cikin 100 na albashin da manyan kamfanoni ke biya domin horar da ma'aikata. Ubangidan gareji ya horar da mutane fiye da kamfanoni da yawa, bai taɓa ganin ko kwabo daga asusun ba.

To ina lasisin tilas zai shiga? A wuri ƙunci, inda kuskuren mai aiki yake kashe wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, kuma mai ba da aikin ba ya iya gane kuskuren da ido. Haɗa wayar lantarki a gida da kasuwa da makaranta. Haɗa bututun gas da cika tukwanensa. Zuba dekin da ɗora bene. Waɗannan na yarda a ce sai wanda aka tantance, bayan an ba da wa'adi mai tsawo, an kawo jarrabawar har gida, an sa kuɗinta daidai aljihun talaka. Ko a nan ma, alhakin farko ya hau kan mai ginin da wanda ya sa hannu a kan zane. Tsara birane da ba da izinin gini hurumin jiha ne, Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka tun 2003 a shari'ar da Legas ta kai gwamnatin tarayya, saboda haka Katsina ba ta buƙatar jiran Abuja kafin ta ce ba za a zuba dekin makaranta ko asibiti ba sai an duba. Tela da kafintan kujera da mai gyaran waya da mai facin taya kuwa, idan suka ɓata maka aiki, asararka ta kuɗi ce, ka gani da idonka, kuma gobe ba za ka koma ba. Kasuwa ta iya hukunta su tun kafin a haifi ITF.

Gwamnati tana da wata sanda da ta fi kamu tasiri, ba ta dai son ɗaga ta ne saboda a kan nata za ta sauka. Ita ce babbar mai ba da aikin gini a jihar nan: azuzuwa, ɗakunan shan magani, rijiyoyin burtsatse, fitilun titi masu aiki da hasken rana. Ta rubuta a cikin kowace kwangila cewa mai wayarin da mai walda da shugaban birkiloli sai masu shaida, kuma a fifita na ƙaramar hukumar da ake aikin. Ranar da mai sana'a a Mashi ya ga maƙwabcinsa ya samu aikin azuzuwa shida saboda wata takarda, da ƙafarsa zai je ya nemi tasa, ba sai an ɗauke masa janareta ba.

Akwai kuma wata magana da ta shafe mu, mu masu karanta irin wannan rubutu. Lasisi yana burge mu ne saboda ya yi kama da mu. Da takarda muka samu abin da muka samu, saboda haka muna ganin duk wanda ba shi da ita bai cika ba. Mu ne muka zuba ido a shekarun 1980 lokacin da aka shigo da injinan koyar da fasaha na tsarin 6-3-3-4, da yawansu suka ruɓe a cikin akwatunansu saboda babu wuta babu malami. Mu ne muka riƙe bambanci tsakanin mai digiri da mai babbar difloma a aikin gwamnati, har Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin soke shi a 2021 amma bai zama doka ba. Idan wanda ya yi shekara huɗu a kwalejin fasaha yana shan wannan raini a hannunmu, me muke tsammani za a yi wa mai shaidar gareji? Mutum nawa ne a cikinmu suka sa sunan kwalejin Mashi a cikin zaɓin 'ya'yansu? Muna tura namu jami'a, muna kai na ƙanin babanmu na ƙauye gareji, sannan mu dawo mu rubuta dokar da za ta ce abin da ya koya a can laifi ne sai ya biya.

Ƙudurin lasisi idan ya zo, a majalisa za a yi zaman jin ra'ayin jama'a, kuma waɗanda za su cika zauren su ne hukumomin da za su karɓi kuɗin fom da ƙungiyoyin ƙwararrun da za su rage abokan gasa. Shugabannin masu walda da bakanikai da teloli na Mashi da Daura da Mai'adua ba za su ji labari ba sai an gama. Lauyoyi da injiniyoyi da malaman jami'a 'yan shiyyar nan suna iya karanta daftarin tun yana ɗanye, su fassara shi da Hausa, su kai wa waɗannan ƙungiyoyi, su raka su zauren, su nemi a rubuta sunayen sana'o'in da lasisin tilas zai shafa ɗaya bayan ɗaya a cikin dokar kanta, kada a bar wa wata hukuma ikon ƙara wasu daga baya da sanarwa.